A Gaya wa Mai Littafin Nan

Shekarar da soja suka ce za su tattara su koma bariki su bar wa farar hula mulki, gida ɗaya ne a Katsina labarin bai shafa ba, wato gidan Saja Babaji da ke bayan Gobarau. A waje an lulluɓe bangaye da hotunan 'yan takara, an yi zaɓe an gama, ana jiran ranar rantsuwa. A cikin gidan kuwa Saja yana nan kan kujerarsa a gindin bishiyar bedi, rediyo a cinya, yana mulkin mace ɗaya da 'yan kaji, kuma ko alamar sauka bai nuna ba.

Babbar 'yarsa Bara'atu, malamar Hausa a wata makarantar 'yan mata, ita ce ta jajibo masa rigima. Littafi take rubutawa. Lokacin littattafan soyayya sun cika kasuwa, kowace budurwa da nata a ƙarƙashin filo, amma Bara'atu ba ta son irin wannan na ɗan Alhaji mai mota da 'yar talaka mai dogon hanci. Nata labarin wani soja ne mai suna Sammani, wanda ya tafi yaƙin basasa ya bar amaryarsa da ciki, ya dawo da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu, amma duk da haka ba dukansa ne ya dawo ba. Ba sai an je wurin mai duba ba kafin a gane wa take nufi. An haifi Bara'atu ubanta yana bakin daga, bai sa ta a ido ba sai da ta kusa shekara biyu.

Matsalar ita ce mutumin da ya san labarin ba ya yi mata magana. Ba faɗa suka yi ba. 'Yar fari ce, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidajen cikin birni: ba a kama sunansa, ba a wasa da shi, ba a yabonsa a gaban jama'a. Sai dai mutane kan yi abin da sassauci. Mahaifiyarta, Inna Dije, ta daɗe da ajiye tata kunyar. Sunan ne kawai ba ta faɗa, sai ta ce "Malama", amma hira har da gulmar maƙwabta suna yi. Shi kuwa Saja ya riƙe al'adar kamar umarnin kwamanda. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa duban idonta ya ce mata ko sannu ba. In ta durƙusa ta gaishe shi, bango yake amsa wa. In yana da saƙo, sai ya bi ta kan matarsa, "Dije, a gaya wa waccan abu kaza da kaza." Ƙannenta kuwa yana kiransu da suna, yana zaginsu da suna. Dattawan unguwa suna yaba masa, wai irinsa sun ƙare, mai kunyar mutanen da. Bara'atu takan ji wannan yabo ta yi murmushi, amma abin yana ci mata rai, kuma tun tana yarinya yake ci. Ita dai so take uban nan ya yi mata magana, ita ɗin, ba bango ba, ko da sau ɗaya ne kafin ɗayansu ya bar duniya.

Da farko ta bi hanyar mutunci. Ta roƙi Inna ta tambaya mata shi ko zai ba ta labarin yaƙin. Amsar ba ta ɓata lokaci ba. "A gaya mata yaƙi ba tatsuniya ba ne," in ji Saja, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Sai ta haƙura ta riƙa ƙirƙira da kanta. Duk ranar Asabar bayan la'asar takan taso daga gidan mijinta a Ƙofar 'Yandaka, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidansu, ta karanta wa Inna abin da ta rubuta a makon. Inna na kan 'yar kujerarta tana gyaran zogale ko tsintar shinkafa, Saja na gefe ya ba su baya, wai shi labarun duniya yake saurare. A wata Asabar ɗin ne Bara'atu ta karanta cewa Kofur Sammani ya shafa igiyoyinsa uku da ke kafaɗa. Nan take muryar rediyo ta yi ƙasa.

"Dije."

"Na'am, Saja."

"A gaya wa mai littafin nan, kofur igiya biyu gare shi. Kuma ba bisa kafaɗa suke ba, a dantse suke. In ya ƙara wa kanshi ɗai, gadirum zai kwana a kulle."

Inna ta juyo ta dubi 'yarta, wadda ke zaune ƙasa da taku biyu daga bakin da maganar ta fito, ta ce, "Ya ce kin yi ƙarya."

Wannan kuskuren na gaskiya ne, Allah shaida. Amma daga shi ba ta sake yin na gaskiya a kan aikin soja ba. A kan hanyar komawa gida, tana kan kabu-kabu, dariya ta riƙa kuɓuce mata har mai babur ɗin ya waiwayo. Ta gano makullin. Mutumin da ba ya ba da labari in an roƙe shi, ashe ba ya iya haɗiye ƙarya in an zuba ta a kan aikin soja.

Asabar ta gaba sojojin Sammani suka zauna a cikin rami, harsashi na wucewa ta kansu, suna cin tuwon shinkafa da miyar taushe, har da man shanu. Saja ya kusa faɗowa daga kujera.

"Man shanu! Dije, tambaye ta wace Bafillatana ce ta kai masu? Garin kwaki muka sha da ruwan kududdufi. Biskit ɗin da ake ba mu, sai ka sa gindin bindiga ka fasa shi."

Daga nan baki ya buɗe. Ya faɗi ruwan saman ƙasar kudu da ba ya sanin safe ko yamma, da yadda takalmi ke ruɓewa a ƙafar mutum, da ranar da ya fara cin teba ya rantse ba zai sake ba, washegari ya nemi ƙari. Ya faɗi wani abokinsa Bitrus, mutumin kudancin Zariya, da ke tsoron tsutsa fiye da igwa. Duk wannan Inna yake gaya wa. Da ya kai aya, Inna ta juyo ta ce, "Ya ce babu man shanu."

"Shi ke nan abin da na ce?"

"To ga ta nan zaune, ka faɗa mata da kanka mana."

Sai rediyo ta koma sama. Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ko a jikinta.

Haka aka yi ta yi. Bara'atu ta sa Sammani ya saɓa igwa a kafaɗa shi kaɗai ya haye tudu. Ta sa wani kyaftin ya durƙusa ya gai da farabiti, sojan da ko igiya ɗaya ba shi da ita. Ta sa an haye babban kogi a kan jakuna. Kowace ƙarya takan haifar mata da rabin babi na gaskiya, ta koma gida ta rubuta tun kafin ya huce. Wani zai ce wannan rashin kunya ne, 'ya ta riƙa ɗana wa ubanta tarko. Ni ban ga laifinta ba. Wanda aka rufe wa ƙofa shekara talatin, in ya samu taga, ba a tambayarsa dalili.

Ɓangaren soyayya ne ya ba ta kunya, kuma a nan ba da gangan ta yi ba. Ta zage ta tsara wa Sammani kalamai na ranar da zai yi sallama da amaryarsa Bilkisu, shafi guda cur, har da farin wata da bugun zuciya. Tana tsakiyar karantawa Inna ta ajiye faifai ta kama dariya, har da tari, har da share hawaye da bakin zane.

"Wayyo ni Dije! Malama, wannan wane ne? Ran da aka kawo ni gidan nan, kin san mi ya ce mani? Ya ce, akwai sauro, ga gidan sauro can. Ran da zai tafi yaƙi kuma ya ce, a riƙa ba akuya dusa."

"Akuyar tana da ciki," in ji Saja, ba tare da ya juyo ba.

"Ni fa?" in ji Inna.

Saja ya duba agogon da babu shi a hannunsa, ya ce lokacin masallaci ya yi, ya saɓa buta ya fita, alhali rana ba ta ko yi ja ba.

Da ƙarar takalminsa ta ɓace a zaure, Inna ta daina dariya. Ta jawo kujerarta kusa da tabarma.

"In soyayya kike nema ki rubuta, bari in ba ki wadda na sani, don ni ban san ta farin wata ba. Da ya dawo, ba ya son ƙarar daka. Da an buga taɓarya a turmi sai ki ga mutum ya zube ƙasa ya rufe kai. Ƙato da shi, soja. In ya tashi ba ya iya duban kowa. Lokacin gidan nan cike yake, matan 'yan uwanshi, da kakarki, kowa da turminta. Sai na ce masu ni ce. Na ce tun haihuwa nike da ciwon kai, ƙarar daka na sa ni jiri. Na yi ta kuka ina riƙe kai har suka gaji suka kwashe turamensu suka kai kangon baya. Shekara biyu ana ce mani raguwa, 'yar hutu, wadda ba ta son aiki. Har waƙa aka yi mani."

"Shi ya sani?"

"Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Rannan dai sai ga shi da sabon turmi daga kasuwa, ya dire shi nan inda kike zaune. Ya zauna ya ba shi baya, ya riƙe gwiwoyinshi da hannu biyu, ya ce, Dije, daka. Na ce a'a. Ya ce daka. Ina daka yana zufa, ina daka ina kuka, har geron ya zama gari bai tashi ba. Kullum haka, har ya daina riƙe gwiwa. To ita ke nan. In ta yi maki, ki sa."

Bara'atu ta ajiye alƙalami ba ta rubuta ko harafi ba. Can ta yi tambayar da ta daɗe a bakinta.

"Inna, ni fa? Tawa kunya ce kawai?"

Inna ta ɗauki faifanta ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ran da ya dawo, kakarki ta turo ki gabanshi don tsokana, kina tafiya dagwai-dagwai. Ya ja da baya kamar an miƙa mashi garwashi. Tsofaffi suka ɗauki guɗa, wai ga mai kunya. Ni ina leƙe ta labule, na ga idonshi. Ba kunya ba ce. Amma wannan ba turmi ba ne da zan kai kango. Na yi iyakar yina ban gano ta ba."

Babin ƙarshe ya ba Bara'atu wahala. Mai buga mata littafin a Kano yana ta aiko saƙo, ita kuwa ta kai Sammani har ƙofar gida ta kasa shigar da shi. Daga baya ta ce, tunda ba ta san abin da ya faru ba, bari ta rubuta abin da take so ya faru. Don kada a ce ta zo hannu rabbana, ta ɗora ƙaryar mako a kan gaba, babba, wadda ko makaho zai gani.

Asabar ɗin ta dace da ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati. Gari ya cika da ganguna da ihun 'yan siyasa, yara na bin motoci a guje. Hadari ya haɗo ta gabas yana ta alkawarin da bai cika ba. Rediyon Saja tun safe take maimaita bikin, shi kuma yana ba ta amsa.

"Mu ga yadda za su yi faretin da babbar riga," yake cewa lokacin da Bara'atu ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa wa bango lafiya lau, ya tambayi bango mutanen gida.

Ta zauna ta buɗe takardunta, ta gyara murya. "Da hantsi jirgin ƙasa ya shigo birnin Katsina yana huci, Sammani ya sauko da jakarsa."

Wannan karon har Inna sai da ta ɗago kai. "Haba Malama. Wannan ko ni na san ta."

"Dije," in ji Saja, murya a sanyaye, irin ta mai jin daɗi, "tambaye ta ta wace ƙofa jirgin ya shigo. Ta Ƙofar Sauri ya kutso, ko ganuwa ya haura? A Funtuwa aka sauke mu, muka hau bayan gingimari tare da buhunan gyaɗa. Sannan a gaya mata, tun ran jakunan nan na gane tarkonta. Ba a yi wa tsohon soja kwanton ɓauna sau biyu."

"To mi ya sa ka yi ta faɗawa ciki?" in ji Inna.

"Ina ruwanki. A ci gaba."

Kunya ta kama Bara'atu, daɗi kuma ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara ji. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba. Sammani ya bi lungu, yara na binsa. Ya tsaya a ƙofar gida ya kasa sallama. Sai ga wata 'yar yarinya ta fito daga zaure tana tangaɗi, hannunta riƙe da guntun ƙosai, ta tsaya tana kallon takalminsa. Ya ajiye jaka, ya durƙusa, ya ɗauke ta ya ɗaga sama, bai damu da wa ke kallo ba, ya ce, Rahinatu, ni ne babanki.

Ta tsaya nan, don nan rubutun ya tsaya. Sai ta ji wani abu da ba ta taɓa ji a gidan ba da rana. An kashe rediyo.

"Dije."

"Na'am."

"A gaya mata bai ɗauke ta ba."

Ba wanda ya yi motsi. Kaza ɗaya ta zo ta tsinci shinkafa a gefen faifai ba a kore ta ba.

"A gaya mata," Saja ya sake cewa, sai ya tsaya nan. Inna ta dubi ƙeyar mijinta, ta dubi 'yarta, ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"Miyata na ƙonewa," ta ce, ta nufi madafa, inda ko wuta ba a hura ba.

Saja ya juyo ya ga kujerar matarsa babu kowa. Bara'atu ta ɗauka shi ke nan, zai saɓa buta. Ya daɗe yana kallon kujerar. Sannan ya gyara zama ya fuskance ta sosai, kujerar, ya ci gaba da yi mata bayani kamar Inna na kai.

"Ana gab da gama yaƙin muka shiga wani ƙauye, kowa ya gudu. Bayan wata bukka na tarar da yarinya zaune. Ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar tsinke. Ko kuka ba ta iyawa. Dama wani direban soja ɗan unguwar nan ya taɓa kawo mani labari an yi mani ɗiya, ya faɗa mani sunan. Na lissafa, na ga kansu ɗai. Sai na ɗauke ta. Na yage riga na goya ta a baya, yadda mata ke yi. Bataliya duka ta samu abin dariya. Uwar-goyo suke ce mani. Bitrus ya ce saura in fara tallar fura. Kyaftin ya gani ya kau da kai. Madarar gwangwani nike ba ta da murfin kwalba, kaɗan-kaɗan."

Ya shafa gemu, har ya ɗan yi murmushi.

"Ban san sunanta ba, ba ta jin Hausa, ban jin nasu. Ba a goyon mutum ba suna. Sai na ba ta wanda ke gare ni. Can cikin daji babu Bakatsinen da zai ce ba ni da kunya, babu tsohuwar da za ta yi mani guɗa. Na kira sunan nan na more. Safe in kira, rana in kira. Har ta fara waigowa in na faɗa. Rannan har ta kama mani kunne."

Hadari ya yi gurnani can nesa.

"Aka ce akwai masu ba da agaji gaba, masu karɓar irin waɗannan yara. Na nemi izini, ni da Bitrus muka kama hanya a ƙasa. Muna cikin tafiya na ji bayana ya yi sanyi. Na sani. Amma ban tsaya ba, na ci gaba da tafiya ina yi mata hira, ina kiran sunan. Bitrus ne ya riƙe mani hannu ya ce, Babaji, sauke ta. Muka haƙa rami gindin wata bishiyar kwara da wuƙar bindiga. Ba mu san addinin iyayenta ba. Ya yi tashi addu'a, na yi tawa."

Ya ci gaba.

"Ban yi wata biyu ba na dawo gida. Ina shigowa zaure aka turo mani yarinya, tsawonsu ɗai, ita wannan ɓul-ɓul da ita. Aka faɗi sunan. Ni kuwa na riga na sa sunan nan a rami da hannuna. Na ga in na taɓa ta, bayana zai sake yin sanyi. Sai na ji tsofaffi na guɗa, wai kunya. Na ce to, ga wurin ɓuya ya samu. Na shige. Da na so fitowa, an daɗe, ban san ta ina ake fitowa ba."

Hawaye ya riga ya jiƙa wa Bara'atu gaban mayafi. Tausayin tsohon nan ya cika ta, da tausayin yarinyar da ba ta sani ba wadda ta riga ta jin sunan daga bakinsa, har da wani ɗan kishi da ta ji kunyar jinsa. Ta rasa yadda ake yi wa uba magana kai-tsaye, don ba ta taɓa koya ba. Sai ita ma ta fuskanci kujerar.

"Inna, a gaya wa Baba zan gyara. Zan cire wurin. Zan rubuta yadda ya faru."

"A'a."

Ta ɗago. Ba kujera yake kallo ba. Idanunsa sun yi ja, ƙanana ne ashe, kuma irin nata ne sak.

"Kar ki taɓa shi. Bar shi shi ɗauke ta. Ni ban iya ba, shi bari shi iya." Ya ja hanci da ƙarfi, ya murtuke fuska don kada a raina shi. "Jirgin dai ki fidda shi, kar Kanawa su yi mana dariya. Sake karanta wurin."

Ta goge ido da bayan hannu, ta nemo layin da ƙyar. Ta sake kawo Sammani ƙofar gida. Yarinya ta fito da guntun ƙosanta. Ya ajiye jaka, ya durƙusa, ya ɗauke ta ya ɗaga sama, bai damu da wa ke kallo ba, ya ce...

"Tsaya. Ba sunanta ke nan ba."

Bakinsa ya motsa babu sauti. Ya riƙe gwiwoyinsa da hannu biyu. Ya sake gwadawa, abin ya fito a shaƙe, da tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Bara'atu."

Ta zauna kawai tana kallonsa, baki buɗe. Shekara da shekaru tana shirya abin da za ta ce in wannan rana ta zo, yau ga ta, ko kalma ɗaya ba ta samu ba. Shi ma ya ƙura mata ido, a tsorace, yana jira.

Daga madafa muryar Inna ta fito, a daƙushe, ta wadda ta sha kuka a ɓoye.

"Malama, wace irin tarbiyya ce wannan? Ana kiranki kina jin mutane."

"Na'am, Baba," in ji Bara'atu.